Zaɓen ƙaramar hukuma a garin kan iyaka: Wa ke yanke makomar kasuwar Jibia?

A ranar 15 ga Fabrairun 2025 aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a jihar Katsina, kuma hukumar zaɓen jihar ta bayyana cewa jam'iyyar APC mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 34 da na kansiloli 361 baki ɗaya. Jibia, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, na cikin wannan lissafi: shugaba ɗaya da kansiloli 11, duk 'yan jam'iyya guda.

Sakamakon bai ba kowa mamaki ba, domin haka aka saba gani. A watan Oktoban 2024 APC ta kwashe ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 23 na Kaduna, ita kuma NNPP ta kwashe 44 na Kano. Duk jam'iyyar da ke riƙe da gidan gwamnati ita ke cinye komai, shi ya sa matasa da yawa ke kallon irin wannan zaɓe a matsayin biki da aka riga aka san wa zai ci tuwonsa.

Sai dai a gari irin Jibia, kau da kai daga wannan zaɓe yana da tsada. Tun daga 2019 an rufe iyakar garin sau biyu, an taɓa hana cinikin dabbobi a kasuwarsa, an taɓa katse masa layukan waya, ga kuma layin dogo da ake shimfiɗawa wanda zai ratsa ta cikinsa zuwa Maraɗi. Garin na kan mararraba ta fuskar tattalin arziki, kuma hukuma ɗaya tilo da ke zaune a cikinsa, wadda mutanensa ke da hurumin zaɓa da hannunsu, ita ce majalisar ƙaramar hukuma. Me ke hannunta, me ya fi ƙarfinta, kuma me ya sa zaɓenta ba ya zama muhawara a kan abincin mutane?

Da me Jibia ke rayuwa?

Jibia na kan hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Maraɗi, kusan a tsakiyar tafiyar. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutane kusan dubu 170, kuma babu shakka adadin ya ƙaru sosai tun daga lokacin. A Magama shingen jami'an Kwastam da na shige da fice yake, daga nan kuma sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar. Mutanen da ke ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, akwai auratayya a tsakaninsu, kuma kasuwanninsu sun girmi iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata.

Arzikin garin na tsaye ne a kan abubuwa uku. Na farko shi ne fatauci: hatsi da kayan masana'antun Najeriya su haura arewa, dabbobi da wake da sauran amfanin gona su gangaro kudu, kasuwar ranar Lahadi kuma ta haɗa su. Na biyu shi ne hidimar da ke rataye da wannan fatauci, wato direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako da dillalai da 'yan canjin naira da sefa da masu sayar da abinci da 'yan acaɓa. Babbar mota ɗaya da ta kwana a gari tana ciyar da gidaje da dama. Na uku shi ne noma da kiwo, har da noman rani a gefen madatsar ruwan Jibia da aka kammala a ƙarshen shekarun 1980 a kan kogin Gada, wanda idan ya tsallaka iyaka yake zama Gulbin Maraɗi.

Akwai kuma abin da kowa ya sani ko da ba a rubuta shi a takarda ba: fasa-ƙwauri. Shekara da shekaru bambancin farashin man fetur da haramcin shigo da shinkafa ta kan tudu sun buɗe wa matasa hanyar samun na cefane ta ɓarauniyar hanya. Sana'a ce mai haɗari, wadda ribarta ba ta hannun mai yin ta. Tana hannun wanda ke tsara manufa a Abuja. Ranar da aka cire tallafin mai, 29 ga Mayun 2023, ribar da ke cikin jarka ta ragu ba tare da an nemi shawarar kowa a Jibia ba.

Shekarun rufewa da buɗewa

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na kan tudu. A watan Nuwamban shekarar hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, wanda ya sa mazauna garin kansu suka koma sayen mai da tsada. Da aka fara buɗe iyakoki a Disamban 2020, guda huɗu aka buɗe: Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibia ba ta ciki. Sai a watan Afrilun 2022 aka buɗe ta tare da Idiroko da Kamba da Ikom. Wato garin ya shafe fiye da shekara biyu da rabi ƙofarsa na garƙame, a lokacin da wasu takwarorinsa suka riga suka ci gaba da ciniki. Ɗan kasuwan da ya saba da wata hanyar kuwa ba lalle ba ne ya dawo.

A tsakiyar wannan kulle matsalar 'yan bindiga ta tsananta. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta rufe hanyar Jibia zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Jibia, ta kuma hana sayar da mai a jarka. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, Jibia na cikinsu. Ƙauyuka sun watse, gonaki sun zama kufai, wasu mutanen sun tsallaka Maraɗi gudun hijira.

Ba a daɗe da buɗe iyakar ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe ƙofa har zuwa watan Maris na 2024. Bayan nan Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance a ranar 29 ga Janairun 2025. Gwamnatin sojan Yamai ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, sannan ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallar 2025.

Duk wanda ya bi wannan jeri zai ga abu ɗaya: babu ko ɗaya daga cikin matakan da aka yanke shi a Jibia. Daga Abuja suke zuwa, ko Katsina, ko Yamai. A nan ne masu cewa zaɓen ƙaramar hukuma ba shi da amfani suke kafa hujjarsu, kuma hujjar tana da ƙarfi. Kwastam da shige da fice da 'yan sanda da darajar naira duk na gwamnatin tarayya ne. Shugaban ƙaramar hukuma ba ya iya buɗe iyaka, ba ya iya cire shinge ɗaya daga kan hanyar Katsina.

Me ke hannun ƙaramar hukuma?

Amma tsarin mulkin 1999 bai bar ta hannu sake ba. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya lissafa ayyukansu. Abu na farko a jerin shi ne nazari da bai wa jiha shawara kan bunƙasa tattalin arzikin yankin. Daga nan sai ginawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da makewayin jama'a, gina tituna da magudanan ruwa na cikin gari, kwashe shara, sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, ba da lasisin kekuna da baro da amalanke, ƙiyasta harajin gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ƙaramar hukuma kuma tana da hannu, tare da jiha, a ilimin firamare da koyar da sana'a da kiwon lafiya da bunƙasa noma.

A babban birni wannan jeri zai yi kama da ƙananan ayyuka. A garin da ke ci daga kasuwa kuwa shi ne ƙashin bayan komai. Kasuwa da tasha da kara da mayanka su ne masana'antun Jibia. Ko dillalin shanu zai kawo dabbobinsa nan ko ya kai su wata kasuwa, ya danganta da ko akwai ruwa a kara, ko akwai wurin lodi, ko rasit nawa za a yanka masa kafin ya fita. Ko direban babbar mota zai kwana a gari ya ci abinci ya sayi wani abu, ya danganta da ko akwai tasha mai katanga da haske. Wa zai samu rumfa, kuma nawa zai biya, duk a ofishin ƙaramar hukuma ake yanke su.

Akwai kuma ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, amma ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen da ba a ayyana su a matsayin birni ba, domin noma da kiwo da zama. A yankin da rikicin manoma da makiyaya ya taimaka wajen haifar da ta'asar 'yan bindiga, batun burtali da makiyaya da mashaya batun tsaro ne, kuma batun arziki ne.

Ina kuɗin suke bi?

Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Suna kuma da kashi 35 cikin ɗari na harajin kayan masarufi. Doka ta ce kowace jiha ta ƙara musu kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar da take tarawa a cikin gida. Tun bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023, adadin nairorin da ake rabawa kowane wata ya ƙaru matuƙa, ko da yake tsadar kaya ta cinye wani ɓangare na ƙarin.

Matsalar ita ce hanyar da kuɗin ke bi. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta wannan asusu gwamnoni suka daɗe suna juya rabon ƙananan hukumomi. Ana cire albashin malaman firamare da na ma'aikata da fansho da kason masarautu da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage shi ke isa gari.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ya haramta wa gwamnoni riƙe kuɗin, ya kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan hukunci ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya, domin majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba ba ta da hurumin karɓar kuɗi. Aiwatar da biyan kai tsaye kuwa ya yi ta tafiyar hawainiya, har ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE ta shafe watanni tana kokawa.

Katsina na da nata tarihin a wannan fage. A 2015 gwamnatin Masari ta rushe zaɓaɓɓun majalisu 34 da ta gada daga gwamnatin PDP. A watan Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, ta ba da umarnin biyan waɗanda aka kora haƙƙoƙinsu. Ba a sake yin zaɓe ba sai a Afrilun 2022. Ma'ana, kusan duk tsawon kullen iyaka na farko da lokacin hana cinikin dabbobi, Jibia ba ta da zaɓaɓɓen shugaba ko kansila da zai yi magana da yawunta. Waɗanda ke kan kujera naɗaɗɗu ne, kuma naɗaɗɗe ba ya ɗaga murya a kan wanda ya naɗa shi.

Me ya sa zaɓen ba ya zama muhawara?

Hukumar INEC ba ita ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi a jihohi ba. Kowace jiha na da hukumar zaɓenta, gwamna ke naɗa shugabanninta, majalisar dokokin jiha ta amince, gwamnatin jiha kuma ta ba ta kuɗin aiki. Idan alƙalin wasa a gidan ɗan wasa yake cin abinci, ba a buƙatar dogon bincike kafin a san inda sakamako zai karkata.

Abin da hakan ke haifarwa ya wuce maguɗi a ranar zaɓe. Tunda tikitin jam'iyya mai mulki shi ne kujerar, ainihin takarar takan koma lokacin tsayar da ɗan takara, inda sau da yawa masalaha ake yi a tsakanin manya. Mai neman kujera ya san waɗanda zai gamsar, kuma ba 'yan kasuwar Lahadi ba ne. Ba shi da dalilin fitowa ya bayyana abin da zai yi da kara ko tasha, tunda ba wannan ne zai kai shi ofis ba. Mai zaɓe kuma, da ya ga haka, sai ya zauna a gida. Ƙarancin masu fitowa ya ƙara sauƙaƙa rubuta sakamako, da'irar ta ci gaba da juyawa.

Ba dole ne abin ya kasance haka ba. A Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida, zaɓen Fabrairun 2022 ya ba APC uku, PDP uku. A Kaduna, lokacin da aka yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a a 2018, PDP mai adawa ta ci wasu ƙananan hukumomi. Shi ya sa ake ta kiran a gyara tsarin mulki a miƙa wa INEC wannan aiki, ko a cire naɗin hukumomin jihohi daga hannun gwamnoni. Masu adawa da wannan kira na cewa tattara komai a Abuja ya saɓa wa tsarin tarayya, kuma INEC ma ba ta rasa nata tabon. Muhawarar na nan a gaban majalisar ƙasa.

A ƙetaren iyaka lamarin ya fi haka tsauri. A watan Afrilun 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya rushe dukkan majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a Nijar, ya maye gurbinsu da naɗaɗɗun jami'ai. Mutumin Ɗan Isa ba shi da akwatin da zai jefa ƙuri'a a ciki. Na Jibia yana da shi, ko da kuwa akwatin na da rauni.

Jirgi zai tsaya, ko zai wuce ne kawai?

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Layin zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibia kafin ya tsallaka iyaka. Wannan shi ne babban abin da zai sauya fasalin garin a shekaru masu zuwa, kuma sauyin na iya zuwa ta fuska biyu.

Idan kaya suka koma tafiya a taragu daga Kano kai tsaye zuwa Maraɗi, manyan motocin da ke tsayawa a Jibia za su ragu, kuma da su za a tafi da abincin ɗan dako da mai tuwo da ɗan kamasho. Tarihin arewa na da misalin garuruwan da sabuwar hanya ta kewaye suka koma kwana. Idan kuwa tashar Jibia ta zama wurin da ake tara hatsi da dabbobi, ake ajiya, ake lodi, to garin zai samu abin da bai taɓa samu ba: hanya mai sauƙi zuwa kasuwannin Kano da kudu ga amfanin gonarsa.

Gwamnatin tarayya ce za ta tafiyar da jirgin, amma abubuwan da za su sa ɗan kasuwa ya zaɓi yin lodi a Jibia na cikin Jadawali na Huɗu: titin da zai haɗa kasuwa da tasha, rumbunan ajiya, kara mai ruwa, mayanka mai tsafta, haraji ɗaya bayyananne maimakon rasit barkatai. Filayen da ke kewaye da tashar kuma za su yi tsada, kuma yanzu ne ake yanke wa zai mallake su, tun kafin jirgi ya yi kukan farko.

A nan ne ainihin saɓanin ra'ayi yake, irin wanda ya kamata zaɓe ya warware. Akwai masu ganin makomar Jibia na nan a fatauci, don haka a zuba abin da ake da shi a kasuwa da tasha. Akwai masu ganin shekarun baya sun nuna haɗarin dogaro da ƙofar da wani ke riƙe da makullinta, don haka a karkata ga madatsar ruwa da noman rani da sarrafa amfanin gona, abin da ba ya rufewa idan Abuja da Yamai sun yi faɗa. Kowane ɓangare na da hujja, kuma kuɗin ƙaramar hukuma ba zai ɗauki duka biyun a lokaci ɗaya ba. Sulhun da al'ummar Jibia ta ƙulla da 'yan bindiga a farkon 2025 ya ƙara wa tambayar nauyi, domin zaman lafiyar da ba ta zo da aikin yi ga matasan gari da na daji ba tana da wuyar ɗorewa.

Abin da mai zaɓe zai iya riƙewa

Gyaran hukumar zaɓe aiki ne na majalisa, kuma zai ɗauki lokaci. Amma akwai abin da ba ya jiran gyaran tsarin mulki. Ofishin Akanta-Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa na wallafa rabon kowace ƙaramar hukuma wata-wata, kuma duk mai waya na iya duba na garinsu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati a rubuce, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Da waɗannan a hannu, tambayoyin da za a yi wa shugaba da kansila a bayyane suke. Nawa aka rubuta wa ƙaramar hukuma a watan jiya, nawa ne ya shigo asusunta? Nawa ake tarawa a kasuwa da kara da tasha kowace Lahadi, kuma a wane asusu yake kwana? Ina kasafin kuɗin bana, wace rana kansiloli suka zauna a kansa? Wa aka ba filayen da ke kusa da tashar jirgi? Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na mahauta da na manoman rani su ne ke biyan harajin gari, kuma idan suka haɗa baki suka nemi duk mai son kujera ya zo gabansu ya amsa waɗannan tambayoyi tun kafin jam'iyya ta tsayar da shi, masu masalaha ma sai sun saurara.

Jibia ba ita kaɗai ba ce. Illela da Kamba da Maigatari da Mai'aduwa duk suna rayuwa a ƙarƙashin makullin da ke hannun wasu. Ba su da iko a kan ranar da za a rufe iyaka ko ranar da za a buɗe ta. Abin da ke hannunsu shi ne yanayin da buɗewar za ta tarar da kasuwarsu, da abin da mutane za su ci idan an sake rufewa, kuma waɗannan biyun a sakatariyar ƙaramar hukuma ake yanke su.